Bishiyar Mai Girma

Ƙarar injin yankan katako ce ta fito da Mashkura daga madafa, ludayi a hannu. Ta ɗaga kai wajen tudun da ke bayan gidansu, sai ta ga tsohuwar ɗorawar nan tana karkarwa, ganye na zuba, wasu maza sun ɗaura mata igiya suna ja. Na gabansu mijinta ne, Badaruddeen, cikin wata koriyar riga shar da ba ta san shi da ita ba.

Kafin ta haye tudun bishiyar ta faɗi. Ƙasa ta girgiza har cikin ƙafafunta, irin girgizar da mutanen Mpape suka saba ji idan masu fasa dutse sun tashi nakiya.

"Baban Yusra, me nake gani haka?"

"Aiki ne," ya ce, yana share gumi, bai yarda sun haɗa ido ba. "Ranar Asabar za a yi bikin dashen itatuwa a nan. Babban mutum ne zai zo. Oga Manniru ya ce ta tare wurin da za a kafa rumfuna."

"A sare bishiya don a yi bikin dasa bishiya?"

"Dubu za a dasa a madadinta, Mashkura. Dubu!"

Amma idonta ya riga ya sauka kan abin da ya fi faɗuwar ɗorawar tayar mata da hankali. Lambatun babu shi.

Gidajen wannan gangare a jikin tudu suke maƙale, wani a kan wani, kuma nasu ne na farko daga sama. Da can ruwan sama yakan zo da ladabi, in ji Iya, mahaifiyar Badaruddeen, ya yini yana yayyafi ƙasa tana sha. Yanzu kuwa sai a yi makonni ana zafi kamar bakin murhu, sannan ruwan wata guda ya sauko a yammaci ɗaya. Shi ya sa 'yan unguwa suka yi aikin gayya, suka haƙa lambatu a kan tudun, yana kwashe ruwa ya zagaye gindin ɗorawar ya kai shi kwazazzabo. Wannan lambatu ne aka cike da jar ƙasa, aka bi da abin daddaɓe ƙasa, ya zama fili sumul.

"Nan motocin manya za su tsaya," in ji Badaruddeen, murya ƙasa-ƙasa. "Da an tashi daga taro za mu tone shi. Oga ya yi alkawari."

"Shi ma hadarin Oga ya yi masa magana ya jira?"

Ya ɗauki igiyarsa ya juya mata baya. Haushinsa ya kama ta, tausayinsa kuma ya hana ta ƙara magana. Tun da ƙurar dutse ta taɓa masa ƙirji aka sallame shi daga wurin aiki, mutumin nan bai sake tafiya da kai a ɗage ba sai yau. Oga Manniru, wanda aka ba kwangilar shirya bikin, ya ce duk wanda ya yi aiki da kyau za a ɗauke shi aikin ban ruwan itatuwan, da albashi duk wata.

* * *

Ɗakin Iya ne a ƙurya, bangonsa na tubalin ƙasa ya jingina da tudun. Tun da ɓarin jikinta ya shanye ba ta tashi sai an ɗaga ta, amma kunnenta da bakinta lafiya lau suke.

"'Yar nan, wa ya faɗi ɗazu? Na ji har a ƙashin bayana."

"Ɗorawa ce, Iya."

Kalwar bishiyar nan ta yi wa tsohuwar daddawa shekaru da dama.

"Iya, da za ki yarda da mun kai ki wajen Maman Promise ki yi kwana biyu. Gidanta ya fi nisa da tudu."

"A ɗauke ni a kai ni gidan maƙwabta kamar buhun masara? Ina da ɗa, ina da ɗaki. Ki bar ni inda nake."

Badaruddeen ma da aka gaya masa cewa ya yi, me za a ce da shi a unguwa? Ga shi kuma sama tas take, ko gizagizai babu. Mashkura ta haɗiye maganarta. Amma duk sanda ta fito shanya ko zubar da ruwa, sai ta tsinci kanta tana kallon gabas.

* * *

Ranar Asabar aka wayi gari rana tana ƙwalla. Oga Manniru ya aiko cewa kowane ma'aikaci ya zo da matarsa, don ana son a ga mata da yawa a hoto, kuma za a raba shinkafa. Ya ce abin ba zai wuce awa ɗaya ba. 'Yarsu Yusra ta tafi Islamiyya. Mashkura ta gyara wa Iya kwanciya, ta ajiye mata kofin ruwa a gefen hannunta mai motsi, ta janyo ƙofa.

"Ki kawo min labarin babban mutum," Iya ta ce daga ciki. "Ki duba min ko shi ma hanci ɗaya gare shi."

Gangaren duka ya kwashe ya hau tudu. Aka raba wa mata koren ɗankwali, aka tara su gefe guda, aka zagaye su da igiya. Kusa da Mashkura maƙwabciyarta ce Elizabeth, wadda kowa yake kira Maman Promise, tana fifita da kwali. A gabansu ga ramuka a jere, kowanne da ɗan itace a ciki, an tura masa ƙasa sama-sama.

Elizabeth ta zungure ta. "Maman Yusra, ka duba da kyau. Ba su cire leda ba."

Haka ne kuwa. Bakin baƙar leda yana leƙowa daga gindin kowane dashe.

"Na haya ne," in ji Elizabeth. "Wallahi na ga su a Garki wancan wata, har da wannan mai ribon, mai ƙyallen ado ɗin nan. In an gama furogiram mota zai zo ya kwashe."

Mashkura ta sake duban ledojin. Idan itatuwan na haya ne, wane ban ruwa za a ɗauki mijinta ya yi? Ta hango shi can gaba, an ba shi bokitin ban ruwa sabo fil ya riƙe wa babban baƙo, ya tsaya ƙyam kamar soja.

Hantsi ya wuce, babban baƙo bai zo ba. Aka yi azahar a tsaye-tsaye. Makaɗa suka gaji suka zauna. Iskar da ake ta roƙo tun safe ta taso a ƙarshe, amma da sanyi ta zo, da ƙanshin ƙasa. Mashkura ta waiwaya gabas. Hadari ya haɗu, baƙi ƙirin, ya taho a hankali ta kan duwatsu.

Ta ɗaga igiyar za ta fita ke nan jiniya ta cika wurin. Motoci suka shigo a jere suka tsaya a kan lambatun da aka cike, suka toshe 'yar hanyar ƙafa guda ɗaya da ke gangarawa unguwa. Masu tsaro suka bazu.

"Madam, koma ciki."

"Don Allah ɗan'uwa, surukata ce a gida, ba ta iya tashi. Ga hadari."

"Ba motsi sai Mai Girma ya gama. Oda ne."

Mai Girma ya hau mumbari. Mutum ne mai murya mai daɗi, kuma ya iya magana. Ya ce sauyin yanayi shi ne abu na farko a gabansu, kafin hanya, kafin komai. Ya ce ambaliya ba ta san mai kuɗi ba, ba ta san talaka ba. Ya ce wanda ya sare bishiya ɗaya ya ci amanar jikokinsa. A nan aka ɗaga wa mata hannu su yi guɗa, suka yi. Kututturen ɗorawar yana bayan rumfarsa, an lulluɓe shi da koren yadi an ɗora kwalaben ruwa a kai.

Mashkura ta kafe Badaruddeen da ido har ya juyo. Ta nuna masa sama. Ya duba, ya dubi motocin, ya dubi Oga Manniru, sannan ya sunkuyar da kai ya ƙara riƙe bokitin da hannu biyu.

Mai Girma ya sauko, aka miƙa masa shebur mai ado. Ya zuba ƙasa a gindin dashen nan mai ribon, masu hoto suna ta durƙuso. Ɗigon farko ya faɗo a kan hularsa.

"Allahu Akbar!" mai gabatarwa ya yi ihu a lasifika. "Jama'a kun gani? Tun kafin a zuba ruwa sama ta amsa! A tafa wa Mai Girma!"

Ana cikin tafin sama ta ɓalle.

Rumfa ɗaya ta tashi sama. Manya suka ruga motoci an rufe su da laima, masu tsaro suka haɗa hannu suka danne jama'a baya har sai ayari ya fita. Ayarin kuwa ya kasa fita, tayoyi suna ta juyawa a cikin jar laka. Ruwan da ke gangarowa daga duwatsu ya iso filin, ya nemi tsohuwar hanyarsa bai samu ba, ya taru ya yi jajir, sannan ya juya kai tsaye wajen gangaren.

Sai a lokacin Badaruddeen ya yar da bokitin. Ya fizgi shebur ɗin adon ya faɗa tsakanin motoci yana sara ƙasa inda bakin lambatun yake, yana ihu, "Ku matsar da motar nan! Uwata tana ƙasa!" Wani mai tsaro ya shaƙo wuyan koriyar rigarsa ya yi jifa da shi gefe.

Mashkura ba ta tsaya ganin sauran ba. Ta sunkuya ta ƙarƙashin hannun wani, ta bi gefen tudu inda babu hanya, tana zamewa, tana kama ciyawa, takalmanta suka tafi. Ruwa ya riga ta isa. A tsakar gida ya kai mata gwiwa, tukwane suna yawo. Ta dafa bango ta kai ƙofar Iya ta tura. Laka ta riƙe ƙofar daga ciki.

"Iya! Iya!"

"'Yar nan, ke ce?" Muryar ta fito a sanyaye, babu ko gigita a cikinta. "Ruwa ya hau gado."

"Ga ni nan, Iya! Yanzu zan buɗe!"

Ta ja baya ta doki ƙofar da kafaɗa. Ta sake. A karo na gaba ƙofar ta ɗan buɗe, har ta hango farin gashin tsohuwar da hannunta mai motsi a miƙe. Sai bangon baya ya yi wani irin nishi, ya kwanto gaba ɗaya, tudu ya biyo shi.

* * *

A ƙofar gidan Elizabeth aka yi zaman makoki, don nasu gidan babu inda za a shimfiɗa tabarma. Badaruddeen bai yi kuka a gaban mutane ba, bai kuma ci abinci ba. Idan an yi masa gaisuwa sai ya dubi tafin hannunsa. Mashkura ta so ta tsane shi, ta kasa. Ita ma ai da hannunta ta janyo ƙofar.

Ranar sadakar uku, bayan an shafa addu'a, wata babbar mota ta tsaya a kan tudu. Daga ƙasa ana hango ma'aikata suna zare itatuwan daga ramuka ɗaya bayan ɗaya, suna jerawa a bayan motar. Jim kaɗan wani daga cikinsu ya gangaro, yana taka laka a hankali, ya yi sallama. Da ya ga zaman da ake yi sai ya cire hula.

"Allah ya jiƙan rai. Ku yi haƙuri, aiko ni aka yi. Akwai itace ɗaya da ba mu gani ba, mai ribon. An ce ruwa ya yo nan da shi. Gobe akwai taro a Jabi, kuma shi Mai Girma yake dasawa."

Elizabeth ta buɗe baki, Mashkura ta riƙe mata hannu.

Badaruddeen ya miƙe. Ya shiga kangon ɗakin Iya, inda maza suka tone laka suka fito da ita. Ya daɗe a ciki. Da ya fito yana riƙe da ɗan itacen, ribon ɗin ya yi ja da laka, amma ledar ko hudawa ba ta yi ba. Ya miƙa wa mutumin.

"Oga Manniru ya ce a tone lambatun?" ya tambaya.

"Ni dai ba a gaya min ba. Itace kawai aka ce."

Mutumin ya sa gefen rigarsa ya goge ganyen ɗaya bayan ɗaya. Ya rungume ledar a ƙirji, ya tallafe gindinta da hannu don kada ta girgiza, ya fara hawa tudun a hankali. Mashkura ta bi shi da kallo har ya kai sama lafiya. A bayansa, ta gabas, sama ta soma yin duhu.