'Yar Akuyar da Gwaggo Ta Riƙe

"Yau ma ba za ki tafi da ita ba," in ji Gwaggo. "Ba ki ga idonta yana ruwa ba?"

Uwar Biyu ta durƙusa, ta kama haɓar 'yar akuyar ta duba. Idon ƙalau yake, har ya fi na Gwaggon gani. Ta miƙe tana naɗe igiyar da ta zo da ita a hannu. Jiya an ce ƙafa ce take ɗingishi. Shekaranjiya zawo. Kafin nan kuma wai ba ta isa yaye ba, alhali dabbar ta yi ɓul-ɓul, tana cin dusa da harawa, har ƙahonni sun fara tsiro mata.

Maganar dai ba mai wuya ba ce. Ƙungiyar matan ƙauyen ta samu awaki daga wasu masu tallafi, aka raba wa gidajen da suka fi rauni, bisa sharaɗi ɗaya: duk wadda akuyarta ta haifi mace, in an yaye, ta miƙa wa ta gaba, ita ma in tata ta haihu ta miƙa. Gwaggo tana cikin na farko, da yake mijinta ya daɗe da rasuwa, ɗanta ɗaya kuma birni ya riƙe shi. Uwar Biyu, maƙwabciyarta ta bayan katanga, ita ce ta gaba. Tun da aka kawo ta ɗakin miji ba ta taɓa mallakar ko kaza ba. Mijin yana bin manyan motoci, sai ya ga dama ya leƙo. Don ɗoki, tun akuyar Gwaggo tana da ciki ta kafa turke, ta yi rumfa da tsohon kwanon rufi, ta tara ciyawa.

"Gwaggo, mata fa dariya suke yi min. Wai na kafa turke ina kiwon iska."

"Su yi ta yi. Zauna mana, kin tsaya min a ka kamar mai karɓar haraji."

Kullum a nan zancen yake ƙarewa. Gwaggo ta turo mata kujera da ƙafa, ta shiga labari. Yadda gidan nan yake cike a da, lokacin da maigidan yake aikin kafinta a ƙofa, ba ka jin maganar kowa saboda ƙarar zarto. Yadda ɗanta ya taɓa faɗawa randa yana ƙarami. Uwar Biyu tana "uhm, uhm," idonta a kan 'yar akuyar. Ɗakuna uku ne a gidan, biyu a kulle, kwadon har ya yi tsatsa. A kan igiyar shanya zane ɗaya ne kullum. Tun da aka yi sabuwar hanya kasuwa ta koma can, yawancin mutanen layin suka bi ta, sai ka wuni ba ka ji takun kowa ba.

Da abin ya yi tsawo, shugabar ƙungiya ta zo da kanta. Mace ce mai saurin baki, ba ta shiga gida sai muryarta ta riga ta. Ta yi wa Gwaggo faɗa tas, ta ce amana ce, ta ce masu tallafi suna nan zuwa dubawa. Gwaggo kuwa ta shimfiɗa mata tabarma, ta zauna tana murmushi har da gyaɗa kai, sai ka ce yabonta ake yi.

"Shugaba, gobe ki dawo mu ƙarasa maganar," ta ce. "Yau kaina ba ya ɗauka."

A ƙofar gida shugabar ta juyo kan Uwar Biyu. "Ke ma da laifinki. Akwai mata a bayanki suna jira. In ba za ki iya karɓar haƙƙinki ba, za mu tsallake ki mu ba wadda za ta iya."

Wannan kalma ta tsallakewa ita ta hana Uwar Biyu sukuni. Washegari da hantsi ta shiga gidan ko gaisuwar kirki ba ta yi ba. Ta tarar da Gwaggo a bakin ɗaki tana tari, 'yar akuyar kwance a jikin ƙafarta.

"Kin ga yau hancinta..."

"Gwaggo, hancinta lafiya lau. Rowa ce kawai. An ba ki, kin hana wani. Na gaji da zaryar gidan nan kullum kamar mai roƙo."

Gwaggo ta ɗago ta dube ta. Ta daɗe tana kallonta.

"Kin gaji da zuwa, 'yar nan?"

"Na gaji."

"To."

Ta miƙa hannu ta karɓi igiyar. Da kanta ta ɗaura a wuyan dabbar, ta sa yatsa biyu ta gwada kada ya shaƙe ta. Ƙullin ya ba ta wuya, amma ba ta nemi taimako ba.

"Ba ta son ruwa mai sanyi da safe. Ki ɗan ajiye shi a rana tukuna." Ta shafa bayanta. "Ki dinga leƙowa kina gaya min yadda take."

"Zan zo, Gwaggo."

Kuma har ga Allah ta yi niyyar zuwa. Sai dai mai akuya ba ta da lokacin da marar akuya take da shi. Ga yankan ciyawa, ga zaman ƙungiya inda ake koya musu haɗa sabulu, ga tagwayenta da zazzaɓi ya kwantar ɗaya bayan ɗaya. A taro aka tafa mata, aka ce tsarin ya tafi daidai. Ta yi murna, murnar da ta daɗe ba ta yi irinta ba. Da yamma takan ji tari daga bayan katanga, ta ce a ranta gobe za ta shiga. Gaskiyar magana, kunya ce ma take ji. Ba ta san da wane baki za ta yi sallama ba bayan abin da ta faɗa.

Wata safiya uwar akuyar ta kama kuka a gidan Gwaggo. Tana yi ba ta tsayawa, har muryarta ta dushe. Uwar Biyu tana wanki, ta jira ta ji tsohuwar ta yi wa dabbar tsawa. Ba ta ji ba. Ta goge hannu da zane ta zagaya.

Ƙofar a buɗe take kaɗan, amma ta ƙi turuwa. Ta sa kafaɗa ta matsa ta shige. Gwaggo tana zaune a ƙasa a bayan ƙofar, ta jingina da bango, kanta ya karkata gefe. Ta sa takalmanta na fita, ta ɗaura sabon ɗankwali. A cinyarta akwai kwanon sha cike da dusa, hannayenta biyu a jikinsa. Jikin ya yi sanyi.

Uwar Biyu ta zauna a ƙasa kusa da ita. Ba sai an gaya mata inda za a kai dusar ba, gida ɗaya ne a layin mai 'yar akuya. Tsohuwar ta jira ba a zo ba, ta nemi dalilin da za ta je da kanta. Sai yanzu Uwar Biyu ta gane idon da yake ruwa, da ƙafar da take ɗingishi, da "gobe ki dawo." Muddin dabbar tana gidan, akwai mai shigowa kullum, ko da faɗa ne ya kawo shi. Ta yi kuka sosai, ba mai ba ta haƙuri.

Kafin rana ta yi tsaka gidan ya cika. Mutanen da suka koma bakin hanya duk sun zo, aka aro tabarmi, aka rasa wurin ajiye takalmi. Kowa yana cewa mutuniyar kirki ce. Ɗan ya iso bayan an gama komai, ya zauna a ƙofar ɗakin da ya tashi a ciki, yana juya mabuɗin da ya ƙi buɗe kwadon. Da shugabar ƙungiya ta yi masa maganar uwar akuyar, ya ce ba shi da inda zai kai ta.

"To ke za ki riƙe," shugabar ta ce wa Uwar Biyu, da murya ƙasa-ƙasa ba kamar yadda ta saba ba. "Ke ce ta kusa da ita."



Da yamma mutane suka watse, ɗan ya ja ƙofar gidan ya kulle, ya tafi ya kama mota. Uwar Biyu ta ɗaure uwar a turke kusa da 'yarta. Ta ɗauko dusar nan ta juye musu, suka sa kai tare suna ci. Ta wanke kwanon ta goge, ta fito har bakin ƙofarta don ta mayar, kamar yadda ake yi da kwanon maƙwabta. A nan ta tsaya, kwanon a hannu, tana kallon layin.