Kwandon da Ya Yi Faɗi

Sau uku Malam Mai Usur yana ɗora tef ɗin awo a bakin kwandon, sau uku tef ɗin yana gaya masa magana ɗaya. Ya zagaya ta ɗaya gefen ya sake aunawa, ko tef zai sake shawara. Bai sake ba. Bakin kwandon ya zarce awon da ke cikin takardar ƙa'idar wasa da faɗin tafin hannu a kowane gefe.

Ya miƙe ya hango sauran biyun a can tsakanin bishiyoyin mangwaro. Duk kamarsu ɗaya: sandar ƙarfe a kafe a ƙasa, sarƙoƙi na rataye daga sama, kwando a ƙarƙashinsu daidai ƙugun mutum, an shafe su da fenti ruwan ɗorawa wanda har yanzu yake ƙauri. Ba sai ya je ya auna su ba. Hannu ɗaya ya yi su.

Wasan kansa ba shi da wata sarƙaƙiya. Mutum ya tsaya a layi ya wurga faifan roba. Inda ya faɗi, nan zai tsaya ya sake wurgawa, har faifan ya daki sarƙoƙi ya faɗa kwando. Wanda ya fi ƙarancin jifa shi ya ci. Wata ƙungiya ce ta raba wa makarantu kwalin faya-fayan nan tare da takardar bayani. A wasu makarantun kwalin na nan a sito ko buɗe shi ba a yi ba, a wasu kuma faya-fayan sun zama marfin bokiti. Shi kuwa Malam, da yake malamin wasanni ne, sai ya zauna da wayarsa ya koyi abin daga bidiyo, ya kwashe zangon karatu guda yana sa 'yan aji biyar suna jifan tsohon bahon wanki a filin bayan ajujuwa.

Filin nan shi ne maganar. Malamai sun daɗe suna neman a daɓe shi da siminti su riƙa ajiye motoci da babura a inuwa. Shugabar makaranta, wadda ita ma motarta ke kwana rana a bakin titi, ta yanke hukunci ba tare da son kai ba: yau sufeto zai zo daga ofishin ilimi. In ya sa hannu wasan ya shiga jadawali, fili na yara ne. In bai sa ba, ranar Litinin masu siminti za su sauke kaya.

Mai waldan da ya ƙera kwandunan yana tsugune a gindin mangwaro yana naɗe wayar injinsa. Yayan matar Malam ne, mutum mai ƙaton wuya da dariya a kusa.

"Yaya, me ka yi min haka?"

"Alheri," in ji mai walda, ko ɗagowa bai yi ba.

Ya ce wanda ya rubuta takardar can bai taɓa ganin yaro ya yi jifa ya rasa ya koma gefe yana cizon yatsa ba. Shi ya haifi shida, ya san hannun yara. Ya ƙara zoben ƙarfe ɗaya ne kawai a bakin kowane kwando, ya shafe ɗinkin da fenti, ko aljani sai ya sa tabarau zai gani. Malam ya ce a yanke zoben yanzu. Mai walda ya dubi rana, ya ce ba a fafe gora ranar tafiya. Sannan ya tambaya ko sufeton ya taɓa ganin wasan nan a rayuwarsa. Malam ya ce da wuya.

"To wa ya sani? Ni, da kai, da tef. Ni ba ni da baki, tef kuma ka sa shi a aljihu."

Malam ya sa tef a aljihu. Abu ne ɗan ƙarami, amma sai ya ji aljihun ya rinjayi gefe guda na rigarsa.

Yana jera faya-fayai a kan benci yana muhawara da kansa. Ba shi ya faɗaɗa kwando ba. Ba wanda ya tambaye shi awo, balle ya yi ƙarya. Shin shirun mutum a kan abin da ba a tambaye shi ba, ƙarya ce, ko kuwa kama baki ne irin na masu hankali? Kuma wa aka cuta? Yara za su ji daɗi, fili zai tsira. Hujjojin sun jeru tsaf kamar faya-fayan. Abu ɗaya ne ya ƙi shiga layi. Tun ranar farko ya gaya wa yaran cewa wannan wasa ba shi da alƙali, kowa shi ke ƙirga jifansa da kansa. Don su gane da gaske yake, a gabansu ya cire usur ɗin da ya shekara goma sha ɗaya a wuyansa ya jefa a durowa. Usur ya tafi, sunan ne dai ya ƙi tafiya.

Sufeto ya iso a makare da rabin awa, dattijo mai tumbi da fuskar wanda ya gaji da leƙa banɗakuna da rufin da ke yoyo. Ya tsaya gaban kwando na farko, fayil a hammata, ya tambaya ko sabon kwandon shara ne aka yi masa ado. Shugabar makaranta ta yi dariya gwargwadon girmansa. Malamai uku masu motoci sun jingina da bango, sun harɗe hannu, suna kallon filin irin kallon da mai gini ke yi wa fegi.

Yara suka fara. Faya-fayai ja da shuɗi da kore suka cika iska, wasu na tafiya ɗoɗar, wasu na karkacewa kamar sun tuna saƙo a wani wuri. Can sai ka ji sarƙa ta yi kacau, ihu ya tashi. Ba su taɓa ci haka ba. Wata yarinya da ta kwashe zango ba ta taɓa samun baho ba, yau ta jefa a jifa na biyar, ta zauna a ƙasa tana dariya. Malam na tafi tare da kowa, amma a ransa wani lissafi yake yi. Wancan, da kwandon ƙa'ida ne, da ya wuce. Wancan ma. Wannan dai na gaskiya ne.

Kacau na bakwai ko na takwas ne ya sa sufeto ya fara matsowa. Shugabar makaranta ta lura, ta ce ko Yallaɓai zai taɓa. Ya ce shi da gwiwa ta gama da shi. Yara suka kewaye shi suna roƙo. Ya miƙa mata fayil, ya naɗe hannun riga, ya karɓi jan faifai. Jifansa na farko ya tafi ya gaishe da reshen mangwaro ya dawo kusan inda ya tashi. Na biyu ya tafi yana rawa kamar agwagwa mai koyon tashi, ya kauce wa sarƙoƙin gaba ɗaya, ya sauka a can gefen bakin kwandon, ya yi jim kamar mai shawara, sannan ya kife ciki.

Sufeto ya ɗaga hannu biyu sama har hularsa ta faɗi. Da aka miƙo masa ita bai ko kakkaɓe ba. Ya ce shi da suke gani, a zamaninsa ba mangwaron da ke gagararsa da jifa ɗaya, hannu kuwa ba ya mantuwa. Ya karɓi fayil, ya cire murfin biro, ya ce a ƙarasa zagayen ƙarshe ya sa hannu.

Zagayen ƙarshe tsakanin mutum biyu ne: Bahago, wanda ke jifa da hagu kamar da majajjawa, da wata siririyar yarinya da ake kira Tabarau saboda gilashin da kullum ke zamowa daga hancinta. Bahago ya gama a jifa huɗu. Faifan Tabarau na biyu ya lauye ya faɗa bayan tankin ruwa, inda ba mai hango shi. Ta bi shi ta ɓace. Jim kaɗan faifan ya fito ta saman tankin, ya yi baka mai kyau, kacau. 'Yan matan ajin suka ɗauki guɗa. Malam ya ɗauki alli zai rubuta uku a ƙaramin allon da aka jingina da bishiya.

"Biyar ne, Malam," in ji Tabarau.

Ta ce a bayan tanki faifan ya kuɓuce mata ya faɗi gabanta, ta ɗauka ta sake, ya daki tankin ya dawo. Na biyar ne ya fita. Wata ƙawarta ta mintsine ta a damtse. Tabarau ta tura gilashinta sama da yatsa.

"Kai ka ce in ya bar hannu, jifa ne."

Sufeto ya tambaya wa ya gani. Ba kowa. Ya daɗe yana duban yarinyar, sannan ya juya ga shugabar makaranta ya ce shekara ashirin yana zagaya makarantu, darasin tarbiyya iri-iri ya gani a allo, amma yau ne ya ga ɗaya yana tafiya da ƙafafunsa. Ya ɗora biro a kan takarda, ya dubi Malam da fara'a.

"Kai ka koya musu wannan?"

An ce wanzami ba ya son jarfa. Malam ya ji tef ɗin yana danna masa cinya. Da sufeto ya sa hannu kawai bai yi wannan tambayar ba, wataƙila da maganar ta kwana a aljihu har abada. Shi kansa bai san amsar wannan ba, kuma ya daɗe bayan ranar yana juya ta. Ya dai tsinci hannunsa ya fito da tef.

"Ranka ya daɗe, kafin ka sa hannu akwai abin da ya kamata ka gani."

Ya auna a gabansu, ya nuna takarda, ya nuna zoben da aka ƙara. Ya ce tun safe ya sani. A gindin mangwaro mai walda ya kama tari, ya duƙufa kan wayar da ya riga ya gama naɗewa.

Sufeto bai kalli takardar ba. Bakin kwandon yake kallo.

"Ni jifana fa?"

Nan ma akwai ƙofar tausayi a buɗe, irin ta mai walda. Malam ya dube ta, ya wuce. Ya ɗora yatsa a kan zoben waje, inda jan faifai ya bar ɗan tabo a ɗanyen fenti.

"Nan ya sauka, Yallaɓai. Ba don zoben ba, da ƙasa zai faɗi."

Sufeto ya mayar da murfin biro a hankali har ya yi ƙas. Ya rufe fayil, ya kakkaɓe hularsa sai yanzu, ya nufi mota. Malaman da ke jikin bango suka warware hannuwansu, ɗaya har ya fara auna filin da taku. Shugabar makaranta ta matso ta ce ƙasa-ƙasa, ita ba ta hana mutum gaskiya ba, amma ai gaskiya ba ta ruɓewa in an bar ta minti biyu. Mai walda ya ce shi dai ya tausaya wa ƙanwarsa, ashe tef ta aura.

Motar ta tashi, ta yi gaba kaɗan, ta tsaya. Gilashi ya sauka, hannu ya yafito Malam. Ya je da sauri, shugabar makaranta na biye da shi.

Sufeto ya tambaya kwana nawa za a yi a yanke zoben. Malam ya ce biyu. Sufeto ya ce to shi ba ya rubuta rahoto a kan kwandon da ba na ƙa'ida ba, zai dawo ranar Alhamis ta sama ya ga abin da yaran za su iya da na gaskiya. Kafin nan kada a sauke ko buhun siminti ɗaya a filin. Shugabar makaranta ta ce an gama, ranka ya daɗe. Ya yi gyaran murya, ya kalli gaba.

"Jan faifan nan, ofis zai buƙace shi don nazari."

Aka kawo. Ya ɗora shi a cinya a kan fayil, ya jira shugabar makaranta ta ɗan ja baya, sannan ya rage murya.

"Babban yatsa a sama yake zama, ko a gefe?"

Malam ya zura hannu ta taga ya gyara masa riƙon.

Da ya dawo, ya tarar mai walda yana warware wayar da ya naɗe, yana mita shi kaɗai. 'Yan aji biyar sun koma aji. An tashi 'yan aji ɗaya hutun tara, sun yi dafifi a kwando na uku, suna tsayawa taku biyu daga bakinsa suna jefa faifai da hannu bibbiyu. Wata 'yar mitsitsiya ta samu gefen zobe, faifan ya kife ciki, ta ruga tana gaya wa duk wanda ta gamu da shi.

"Wancan ma in yanke?" in ji mai walda.

Malam ya tsaya yana kallonsu, tef a hannu.

"Yanke biyu. Wancan bar musu. Amma ka rubuta a jikinsa."

"In rubuta me?"

"Wannan ya fi faɗi."

Mai walda ya ce shekara talatin yana sana'a, ba a taɓa sa shi ya rubuta laifinsa da hannunsa ba. Ya buɗe gwangwanin baƙin fenti, ya tsoma buroshi, ya tambaya da manyan baƙaƙe ake so ko da ƙanana.