Takardun Ja'afar

Ni dai tun farko na faɗa musu, in aka bar yaron nan ya sa hannu a takardar kulob ɗin ƙwallon hannu an cuce shi, kuma ba zan yi shiru ba. A gidanmu kowa ya san bakina. Abba kan ce da namiji ce ni, da tuni 'yan sandan Masar sun haddace sunana.

Ƙanena Ja'afar nake nufi. A unguwar Hayyin Ashir ta Alƙahira muke zaune, hawa na huɗu, saman shagon wani Basudane mai sayar da turare. Abbanmu, Malam Bukari, karatu ya kawo shi Alƙahira. Da ya gama sai ya zauna yana yi wa marasa lafiyar da ke zuwa daga gida tafinta a asibitoci. Ni a Azare na taso wajen kakata, sai da na shekara tara aka kawo ni. Na tarar da wani ɗan lukuti yana cinye abincin kowa, aka ce ga ƙaninki.

Lukutin nan ne ya miƙe ya zama ƙato. In zai shiga mikrobas, ƙaramar bas ɗin haya, sai ya naɗe kansa kamar tabarma. Takalminsa kuwa sai mun zaga kasuwar Ataba sau biyu kafin a samu daidai ƙafarsa. Tun firamare yake ƙwallon hannu, kuma ya iya, ba don ƙanena ne ba. A sakandare wani mai koyar da wasa, Kabtin Isam, ya ja shi ƙwallon Amurka, wannan da ake sa kwalkwali ana tunkuɗar juna kamar raguna. Nan ma ya fi kowa.

A watan da ya gama sakandare, takardu biyu suka faɗo mana a mako guda. Wani kulob ɗin ƙwallon hannu a nan Alƙahira yana so ya ɗauke shi ɗan wasa na sana'a, shekara uku, da albashi. Wata jami'a a Amurka kuma, wadda Kabtin Isam ya tura wa bidiyonsa, ta ce ya zo ya yi karatu kyauta shekara huɗu in zai buga mata ƙwallon kwalkwalin. Kowanne yana son amsa kafin ƙarshen wata. Mutum ɗaya, ba dama ya rabu biyu.

Ni ban ga abin tunani ba. Karatu kyauta fa! Amma Abba ya kafe a kan kulob.

Ranar Juma'a muna cin abincin rana na sake tayar da maganar. Na ce, "Abba, don Allah ka duba. Gwiwarsa ta karye a kulob, shi ke nan, su jefar da shi kamar ɓawon lemo. Can kuwa ko ya karye digirinsa na hannunsa."

Abba ya ce, "Lubna, Amurka ba a shigarta haka kawai. Sai an je ofishin jakadanci sun tone takardun mutum tun daga haihuwa. Ba na so."

"To su tone mana! Me muka sata?"

Cokali ya suɓuce wa Umma ya faɗi a faranti. Abba ya dube ta, ta dubi ƙasa. Ni kuwa, sakarai, na ɗauka tsoron rabuwa da ɗa ne kawai, na ci gaba da zuba har miyata ta huce.

Umma ta ce a hankali, "Iliya, ƙara shinkafa."

Haka take kiransa, Iliya. Tunda na zo ban taɓa jin ta ce Ja'afar ba. Mun ɗauka alkunya ce, tunda shi ne namijin farko, ta laƙaba masa wani suna don kada ta faɗi na yanka. Ba wanda ya taɓa tambaya. Wa ke tambayar uwa irin wannan?

Shi gogan sai da ya share farantinsa tas. Sannan ya ce, "Kulob sun ce in je gwajin lafiya ranar Talata. Bari in je. Daga nan zan faɗi abin da na zaɓa."

Na ɗauki hutun rabin yini a ofishin tafiye-tafiyen da nake aiki a Dokki, na ce zan raka shi. Ba tausayi ba ne. So nake in samu awa guda a mota in cika masa kunne ba tare da Abba ya katse ni ba. Na kuwa cika. Har kwandasta ya juyo ya ce, "Ma'alish ya madam, ki yi haƙuri ki bar shi ya numfasa."

A asibitin kulob aka auna shi, aka ɗebi jini, aka sa shi gudu a kan na'ura. Da yake baƙo ne ba ɗan ƙasa ba, aka ce dole a ɗauki hoton ƙashin wuyan hannunsa da gwiwa, don tabbatar da shekaru. Na ja tsaki. Na san dalili: sun saba kama 'yan wasa masu gemu suna rantsuwar shekararsu sha bakwai.

Likitar, Dakta Rania, ta kira mu ciki. Ta manna hoton a jikin fitila, ta dubi fasfo, ta sake duban hoton, sai ta kwashe da dariya.

Na ce, "Lafiya?"

Ta ce, "Ki yi haƙuri. Shekara goma sha ɗaya ina wannan aiki, kullum masu rage shekaru nake kamawa. Yau ne na fara ganin wanda ya ƙara."

"Ya ƙara me?"

"Fasfo ya ce shekararsa sha takwas da wata biyu. Ƙashin nan bai gama haɗewa ba, ga giɓin nan, ga wani nan. Wannan yaron sha shida ne, in ya yi yawa da 'yan watanni. Zai ma ƙara tsawo."

Wallahi sai da na miƙe tsaye. Na ce na'urarta ce ta lalace. Na ce ta dube shi da kyau, wannan ƙaton da ya cika mata ƙofa ne ɗan sha shida? Na ce a nan Alƙahira aka haife shi, a asibitinsu, da hatiminsu a takardar, in ƙarya ce to su suka yi ta. Ta bar ni na gama. Ta sa aka sake ɗaukar ɗaya hannun. Abu ɗaya ya fito.

Wani jami'in kulob ya shigo, ya daina murmushin da ya tarbe mu da shi. Ya ce baƙon da bai kai sha takwas ba ba za su iya ba shi kwantiragi ba, kuma ba za su ɗauki mutumin da jikinsa da takardarsa ke musu da juna ba. Ya ce, "Ku kawo mana gaskiyar magana. In ba haka ba, khalas, magana ta ƙare."

A mota Ja'afar dariya yake yi. "Yaya, kin ji wai ni yaro ne. To daga yau ki riƙa goya ni."

Na ce, "Rufe mana baki. Bari mu je gida ka ji yadda Umma za ta wanke matar nan."

Mun iso bayan azahar. Umma na tsakar falo tana tsince ganyen molokiya, lalonmu na gida, a tire. Na ajiye hoton ƙashin a gabanta, na ce, "Umma, ji wani rainin hankali. Wai likita ta ce ɗanki shekararsa sha shida."

Na tsaya ina jiran ta ce uban wa. Ba ta ce ba. Ganyen da ke hannunta ya zube. Ta zame daga kujera ta zauna a ƙasa daɓas, ta ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yau ta zo."

Dariyar Ja'afar ta ɗauke.

"Umma, me ya zo?"

Ba ni ta duba ba, shi ta duba. Ta ce, "Sha shida da wata biyar. Likitar ba ta yi ƙarya ba."

Ta ba mu labarin tana kallon tire. Ja'afar, ta ce, a nan aka haife shi, aka yi masa takardar haihuwa da fasfo da izinin zama. Yana da shekara ɗaya da 'yan watanni ta tafi gida da shi, wajen iyayenta a Misau, da wani cikin a jikinta. Ƙyanda ta shigo garin. Kwana shida ya yi. Bayan wata huɗu ta haifi wani namijin, aka yanka rago, aka sa masa Iliyasu.

Na ce, "Wane Ja'afar ne ya yi kwana shida? Ga Ja'afar nan a tsaye!"

Ta ce, "Wannan Iliya ne."

Na zauna a hannun kujera. Ina da shekara uku lokacin, ina Azare, ba wanda ya faɗa mini na yi ƙane na rasa. Ashe duk shekarun nan wani nake kira, wani ke amsawa.

Umma ta ci gaba. Da jaririn ya yi ƙwari za ta dawo, aka ce sabon fasfo da biza sai an yi watanni ana zarya, ga tikitinta zai mutu, ga Abba ba ya iya barin jarrabawa ya zo. Fasfon marigayi kuwa na nan a akwati, da izinin zamansa bai ƙare ba. Hoton jariri ai hoton jariri ne. Shi kuma tun haihuwa ƙato ne. Ta goya shi, ta lulluɓe da mayafi, ta wuce. Suka ce in an natsu za a gyara. Aka sa shi makaranta da takardar, aka sabunta fasfo da takardar, daga nan gyaran ya fi ƙarfinsu.

Ana cikin haka Abba ya turo ƙofa da ledar burodi. Ya ga hoton, ya ga Umma a ƙasa, ya tsaya. Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ran nan.

"Abba, shi ya sa! Shi ya sa ka hana shi Amurka! Ka bar ni ina ta haushi kamar mahaukaciya, ashe tsoron takarda kake!"

Ya ce, "Na ɗauka kulob ba ruwansu da tone-tone. Wasa kawai za su duba." Muryarsa ta yi ƙasa. "Ban san suna duba ƙashi ba."

Ka ji fa. Ofishin jakadanci ya guje wa, ya tura yaro da hannunsa inda aka kama shi.

Wayar Ja'afar ta yi ƙara. Kabtin Isam ne, labari ya riga ya kai masa. Ja'afar ya saki muryar kowa ya ji. Kabtin ya ce kada ya damu, kulob sun yi asara. Jami'ar Amurka ba ta ɗaukar hoton ƙashin kowa, fasfo take dubawa, fasfonsa kuwa lafiya lau yake. "Yalla, maza ka sa hannu yau in tura musu. Ba wanda zai sani."

Abba ya ɗago kai da sauri. Ya ce, "To ai shi ke nan. Ka tafi Amurkan. Allah ya sa haka ne mafi alheri."

Wata guda ina roƙon wannan kalma daga bakinsa, yau ya faɗe ta, kuma ko kaɗan ban ji daɗinta ba. Amma kada in yi ƙarya, wani ɓangare na zuciyata cewa yake ya sa hannun. Karatu kyauta ne. Wa zai sani?

Na ɗauko takardar jami'ar daga kan firij, na ajiye masa da biro. Ni da kaina.

Ya daɗe yana kallon inda aka buga sunan da manyan baƙaƙe. Sai ya tashi ya shiga ɗakinsa. Muka ji ƙarfe na karo da ƙarfe. Ya fito da lambobinsa duka, na ƙwallon hannu da na kwalkwali, da kofuna biyu, da takardar gama sakandare, ya tara su a kan tiren Umma, a kan ganyen.

Ya ce, "Duk sunansa ne a jiki. Ki ajiye masa."

Umma ta fashe da kuka.

Abba ya ce, "Kai, kada ka yi wauta. In aka taɓa takardun nan komai zai rushe, makarantarka, zamanka, har ni sai an tuhume ni. Ka zaɓi ɗaya ka wuce, kowa ya huta."

Ya ce, "Abba, Ja'afar aka ba zaɓi biyu. Ni ba a ba ni ko ɗaya ba."

Ya sa takalminsa ya nufi ƙofa. Ƙaton nan, sai a lokacin na ga ashe yaro ne, leɓensa na rawa irin na mai riƙe kuka. Ashe kayan wanda ya girme shi da kusan shekara biyu muke ta ɗora masa, ni na fi kowa.

Abba ya ce, "Ja'afar, dawo ka zauna."

Bai juyo ba. Ya murɗa makulli.

Na ce, "Ja'afar, don Allah."

Ya buɗe ƙofa.

Umma ta ce, "Iliya."

Ya tsaya, hannunsa a kan ƙofa, bai juyo ba. Ya ce, "Umma, ni a wace rana aka haife ni?"

Ta ce, "Laraba ce. Da hantsi, ana ruwan sama."