Kalmar da Kwamfuta Ta Ƙi

Allon kwamfutar ya rikiɗe ya yi ja, ya saki wata ƙara mai tsinin tsiya. Duk wanda ke ɗakin karatun ya ɗago kai ya dubi Tela.

Abin da ya rubuta fa bai taka kara ya karya ba: ƙullutu a nono. Matarsa ce ta ji shi a jikinta tana wanka, mai tauri kamar ƙwallon dabino. Ta ce ba ita ba asibiti sai ta san ko mene ne, kuma ta sa shi ya rantse cewa danginta ba za su ji ba, don mahaifiyarta na da hawan jini. Wayarsa ba ta shiga intanet, ta kira ce kawai. Shi ya sa ya rufe shago ya zo laburaren gwamnati, ya daidaici lokacin da yake zaton yayanta, wanda ke aiki a wurin, ya tashi.

Ashe bai tashi ba. Ga shi nan tafe, katin aiki na lilo a wuyansa.

"Doka ce," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. "Injin yana toshe kalmomin batsa saboda yara. Babba kuma sai ya faɗi dalilinsa, sannan in buɗe masa." Ya leƙa allon. Jan rubutun bai nuna komai ba sai kalmar da aka kama, nono, ita kaɗai, tsirara. Fuskarsa ta sauya. "To, ina jin ka."

Tela ya dubi allon. Wai injin da bai san uwa ba, bai san jinjiri ba, bai san ciwo ba, shi aka ɗora a kan mutane ya tantance ɗan iska da mai neman magani! Takaici ya cika shi har wuya. Magana ɗaya za ta wanke shi tas, ita ce kuma wadda ya rantse ba zai yi ba.

"Ba ni da dalili, Yaya."

Wasu 'yan mata a teburin baya suka toshe baki suna ƙunshe dariya. Yayan ya kashe kwamfutar, ya karɓe katin shigarsa, ya tasa shi gaba har bakin ƙofa.

"Da girmanka. Da furfurarka. Ƙanwata ba ta ishe ka ba?"

Tela ya sunkuyar da kai yana kallon takalmansa. Bai taɓa jin ya tsani kansa irin na yau ba, ga shi zai koma gida hannu rabbana, matarsa tana can tana jiran amsa.

"Je ka," in ji Yayan. "Zan rufa maka asiri, ba don halinka ba. Yarinya tana zamanta lafiya ƙalau, ba ni zan jawo mata ciwo ba."