Ayar da Yaya Ya Ɗiga

A shagon da Yaya yake buga wa mutane takardu, Sarkin Gyara suke ce masa. Ko katin suna aka kawo, sai ya sami ƙugiyar da aka manta a kan ƙ ko ɗ, ya saka. Hannunsa ya riga ya saba, ba ya jiran izini.

Ran nan da safe ƙanwarsa, Auta, ta bar kwamfutarta a buɗe a kan teburin falo, ta shiga wanka. Wata biyu ke nan tana koyon rubuta manhaja, kuma shi ne ya matsa mata ta shiga ajin. Doka ɗaya ta kafa masa: kallo kawai, ban da taɓawa.

Ya leƙa: aikin ajinsu ne, 'yar manhaja mai jera sunayen ɗalibai. Kusan kowane layi da waƙafi mai ruwa ya ƙare, ɗigo a sama, 'yar wutsiya a ƙasa. Ya daure har ya kai ga umarnin ƙarshe, ya ga shi ma haka. Ta yaya rubutu zai ƙare babu aya? Ya goge alamar, ya ɗiga aya, ya kurɓe sauran shayinsa, ya tafi shago ransa fes.

Da ya dawo cin abincin rana, a wurin ya same ta, da hular wanka har yanzu a kanta. Ƙasan allon ya yi ja da rubutu.

"Yaya, aikin ya ƙi tashi," ta ce, ba ta ko ɗago ba. "Jiya lafiya lau yake. Yau injin ya ce akwai kuskure a layi na arba'in da biyu. Na duba ya fi sau ɗari, alamar baka ce kawai ta rufewa a wurin. Me zan gyara a jikin baka?"

Ya kalli layi na arba'in da ɗaya. Ayarsa na nan, ƙarama, kamar ƙura a kan gilashi.

"Yaushe za ki miƙa wa malam aikin?"

"Ƙarfe huɗu. Amma bar shi." Ta tura masa wayarta. Saƙo ne ta rubuta wa malaminsu, ba ta aika ba tukuna: tana godiya, ta bar ajin. "Kaina ba na wannan abin ba ne. Yara ƙanana suna gamawa suna hira, ni baka ɗaya ya kayar da ni."

Ya ce bari ya wanke hannu. Ya tsaya a gaban famfo, ruwa na zuba, sabulu ya daɗe da fita. In ya yi shiru, ba mai sani. Zai iya lallaɓawa ya mayar in ta tashi, ta ɗauka injin ne ya huce. Amma gobe in ja ya sake fitowa, kanta za ta sake zargi, saƙon kuma yana nan yana jira.

Ya dawo, ya jawo kujera, ya zauna a bakin-bakinta kamar baƙo.

"Auta, ki hau sama da layi ɗaya."

Ta hau. Ta matso da fuska har hancinta ya kusa taɓa allon.

"Wannan aya ce," ta ce a hankali. "Ni ba na sa aya a nan."

"Ni na sa. Na ga magana ta ƙare ne."

Ta juyo gare shi, muryarta ƙasa-ƙasa. Da ta yi faɗa, da ya fi masa sauƙi.

"Awa biyar, Yaya. Har kuka na yi a bayi."

"Ki yi haƙuri. Ba ni da bakin magana."

Ta goge ayar, ta mayar da waƙafi mai ruwa, ta danna. Jan ya ɓace, sunayen ɗaliban gwaji suka jeru. Ta ce, kamar da kanta take magana, "Ashe ayar ta sa injin yana jiran wata kalma, sai ya ci karo da baka a layin ƙasa, ya yi ƙara a can. In ya nuna layi, a duba na samansa." Ta jawo littafinta ta rubuta hakan.

"Ina kuma ka taɓa, Sarkin Gyara? Faɗi gaskiya."

"Ƙugiya ɗaya. Inda yake gaishe da mutum, 'Sannu ɗalibi'."

"Wannan a bakin mutane yake, ba na inji ba. Na bar maka."

Ta cire hular wankan, ta ɗauki waya don ta goge saƙon. Kafin ya ɓace, idon Yaya ya faɗa kan "kokari" tsirara, babu ƙugiya ko ɗaya. Yatsansa ya motsa. Ya tura hannun ƙarƙashin cinyarsa, ya zauna a kai.