Jelar da Ta Yi Kyau da Yawa

Shekara goma sha ɗaya Farfesa ya yi yana sa kwamfuta ta kwaikwayi yadda babban gungun taurari ke fizgar ƙaramin da ke zagaya shi, yana yagar taurarinsa har su zama doguwar jela a sama. Bai taɓa samun jelar da ta yi daidai da hoton madubin hangen nesa ba. Sai ga ɗalibarsa, wadda 'yan sashen ke kira Shiru-shiru, ta kawo tata cikin wata huɗu. Lanƙwasa iri ɗaya, kauri iri ɗaya, har ɗan giɓin tsakiya.

"Ke kaɗai kika yi wannan?"

"Ni kaɗai, Malam."

Ya ce madalla, amma zuciyarsa ba ta kwanta ba. Ya san yaran zamani. Ba wuya ta ɗauko taurarin hoton ta cusa a cikin lissafin, ta ce kwamfuta ce ta haifa.

Ranar Talata da ta fita cin abincin rana, ya zauna a kujerarta mai karyayyen hannu, ya rage lambar nauyin ƙaramin gungun da rabi a cikin lissafinta, ya bar komai yadda ya same shi. Da ta dawo ya ce ta sake saka aikin daga farko, masu duba aikin za su nema. In jelar ta sake fitowa tsaf duk da lambar bogi, to ya kama ta.

Kwana tara manyan kwamfutocin ɗakin sanyi suna gurnani a kan lissafin. Duk wucewar da zai yi ta ƙofarta sai ya saci kallon allonta.

Rana ta goma ta shigo ofishinsa ta ajiye takarda. Jelar ta tsinke gida uku, siririya kamar zaren tsohuwar riga.

"Malam, wani ya taɓa mini lamba."

Ya gyara murya. "Wa kike zargi?"

"Mai shara ba ya rage tsayin kujera. Ni kuwa na tarar da tawa an sauke ta."

Duk sashen babu gajere sai shi.

Ya sa hannu a kan aikinta na farko a ranar. Ta karɓa ta yi godiya har da rusunawa. Amma tun daga lokacin, ko ruwa za ta je sha, sai ta rufe kwamfutarta ta tafi da ita a hammata.