Makka Tana Bayanka

Ni dai ban taɓa sha'awar kallon dutse ba. A unguwar Misfala ta Makka aka haife ni, na girma duwatsu sun kewaye ni ta ko'ina, kuma ban taɓa jin wanda ya biya kuɗi don ya kalle su ba sai da Bandar ya shigo mana.

Bandar ɗan gidan Abdulrazak Kabira ne, mutanen Nakkasa kafin a rushe unguwarsu su koma bayan gari. Sana'arsa ita ce ya cika ƙaramar bas da mutanen da hutu ya yi wa yawa, ya kai su jeji, ya nuna musu duwatsu. Shi ne kuma mai neman auren 'yata Hadil. Manyansa sun zo sun sha gahawa, na ce zan duba. Na yi ta dubawa har watanni suka shuɗe.

Abin da nake dubawa bai wuce biyu ba. Na farko, bakin yaron ba ya rufuwa, kuma ba ya iya jin mutum ya yi kuskure ya ƙyale shi. Na biyu, ba shi da Hausa. In ka ce masa ina kwana, sai ya washe haƙora ya ce alhamdu lillahi. Gaskiya ne ita ma Hadil Hausarta rabi Larabci ce, amma ita tawa ce.

Wata safiya ta dawo daga asibitin da take aikin jinya, ko abaya ba ta cire ba ta tsaya a kaina.

"Baba, na yankar muku tikiti kai da Umma. Bandar zai fita da mutane arewa, kusan mako guda. Ka je ka gan shi da idonka. In kun dawo ka ba ni amsa. In ka ce a'a, halas, shi ke nan, ba zan sake tayar da maganar ba."

Ba ta yi kuka ba, kuma wannan ne ya tsorata ni. Halina ta ɗauko. In ta ce ta rufe ƙofa to ta rufe, sai dai ta zauna a bayan ƙofar tana ramewa ba wanda ya sani.

"Sai mu shirya, Malam," in ji matata Mairama daga kicin. "Shekara da shekaru kana kai mutane, yau dai a kai ka."

Da gaskiyarta. Na tsufa ina tuƙa bas ɗin alhazai tsakanin Mina da Arfa da Muzdalifa. Na san kowane lungu da mota za ta iya kutsawa ran da duniya ta taru a wuri guda. Abin da ban taɓa yi ba shi ne zama a kujerar baya, wani yana tuƙi, wani kuma yana yi mini bayani.

Ba mu gama fita daga Makka ba Bandar ya ɗauki makirufo. Motar ba ta fi ɗakin kwanana ba, ko raɗa ya yi kowa zai ji, amma sai da ya hura a ciki ya ce, "Ana ji na a baya?" Ana jin sa har a motar da ke bayanmu. Ya yi mana bayanin dutsen dama, ya yi na dutsen hagu. Da wani likitan haƙori daga Jidda, Dakta Yunus, ya ce ai wancan kwarin ne ayari ke bi a da, sai Bandar ya ce, "A'a, Dakta, wancan na gaba ne," ya kuma kawo hujja har muka wuce kwarin biyu. Na dubi Mairama don ta shaida. Tana ɓare gyaɗa.

Direban kuwa, Mudassir, da hannu ɗaya yake tuƙi, ɗayan yana cikin ledar 'ya'yan kankana. Ni na yi ta taka masa birki daga inda nake zaune har ƙafata ta dama ta ƙage.

"Malam, ba a sa birki a wannan kujerar ba," in ji Mairama.

Haka muka yi ta nausawa arewa. Gari ya ƙare, gidajen mai suka fara nisa da juna, ƙasa ta koma baƙin dutse har iyakar gani, kamar an ƙona duniya an manta ba a share ba. Duk inda Bandar ya ce a tsaya sai mu sauka cikin rana, mu kewaye wani abu. Mun kewaye rijiyar da ba ruwa. Mun kewaye bangon da ba gida. A wani wuri ya ce mu yi shiru mu saurari shirun sahara, sannan ya yi mana dogon bayani a kan shirun. Dakta Yunus yana ɗaukar hoton komai, har da ni ina neman inuwar taya.

Ni kuma ina tara laifuffuka a raina. Ya gyara wa wani tsohon malamin makaranta daga Ɗa'ifa sunan tsuntsu. Ya gyara wa matar Dakta yadda ake ɗaura mayafi saboda ƙura. Ni kaina ya taɓa ce mini, "Ya ammi," wato baffa, "ka ƙara shan ruwa," a makirufo, a gaban jama'a, kamar ni ne ban san rana ba, ni da na yi ta kwasar alhazan da suka suma a Arfa tun bai san hannunsa na dama ba. Na ce a raina, wannan in ya auri Hadil, gyara zai yi mata har a gishirin miya, ita kuma ba ta karɓar gyara. Amsata ta nuna, jira kawai nake mu koma.

Ranar da abin ya faru mun bar kwalta tun da hantsi. Hanyar ta zama tsakuwa da gargada, haƙoranmu suna kaɗawa, Dakta yana kallon bakunanmu kamar mai lissafin ciniki. Mun wuce raƙuma na gaske, garke bayan garke, masu rai da tozo da komai, ba wanda ya ce a tsaya. Sai da rana ta karkata muka isa gindin wani dutse, Bandar ya kai mu gefe ya nuna mana abin da muka sha wannan wahala dominsa: zanen raƙumi guda, wanda wani mai zaman banza ya kankara tun zamanin da.

"Ku dubi wuyan," in ji shi, murya tana rawa. "Ku dubi yadda ya fitar da wuyan."

Na duba. Ko jikan maƙwabcina zai fi shi fitar da wuyan.

Lokacin azahar ya riga ya fita, za mu haɗa da la'asar. Duk kwanakin nan a masallatan gidajen mai muke salla, mutum ya shiga ya ga inda mihrabi ya fuskanta ya bi. Nan kuwa ba masallaci, ba bango, ba komai sai yashi da dutsen raƙumin. Bandar ya fito da babbar tabarma daga bayan mota zai shimfiɗa, sai malamin Ɗa'ifa ya nuna ni ya ce, "Abu Hadil ne zai ja mu. Shi ne babba, kuma maƙwabcin Ɗakin Allah."

Karo na farko kenan tun fitowarmu da aka tuna ni wani ne. Na karɓi bakin tabarmar daga hannun Bandar.

"Ya ammi, bari in..."

"Yau dai makirufo ya huta," na ce masa. Aka yi dariya. Na ji daɗin dariyar ƙwarai.

Dakta Yunus ya ciro waya zai duba alƙibla. Na ce, "Dakta, mayar da ita aljihu. Mutumin Makka ba ya tambayar waya ina Ka'aba take." Ya mayar, har da ba ni haƙuri.

Na ɗaga kai na dubi rana. Tun ina yaro, in na tsaya sallar la'asar a soron gidanmu, rana tana kafaɗata ta hagu. Haka na ga mahaifina yana yi, haka na yi ta yi har gemuna ya yi fari. Na juya har rana ta zauna daidai a kafaɗar hagu, na ja tabarma, na ce bismillah. Maza suka yi sahu a bayana, mata suka koma can baya. Aka tayar da iƙama. Na ce a daidaita sahu, da irin muryar da nake ce wa alhazai kowa ya koma kujerarsa. Na ɗaga hannuwa.

"Baba."

A hankali aka faɗa, daga bayan kafaɗata ta dama. Da Hausa. Na ɗauka kunnena ne.

"Baba, ka yi haƙuri. Makka... tana bayanka."

Bandar ne. Kansa a sunkuye, yana fitar da kalmomin ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsallaka rafi a kan duwatsu. Ba wanda ya gane abin da ya ce, don duk sahun Larabawa ne.

Hannuwana suna sama na ce ta gefen baki, "Rana tana haguna."

"A Misfala, Baba. Misfala tana ƙasa da Harami. Mu yanzu mun hau sama. Arewa. Mun wuce Makka da nisa."

Akwai irin shirun da ya yi mana bayaninsa a makirufo. Sai a lokacin na ji shi.

Yaron ya yi gaskiya. Duk rayuwata ina kudu da Ka'aba ina fuskantar arewa, har jikina ya ɗauka arewa ita ce alƙibla. Ko Madina in na je, masallaci nake shiga in bi sahu, ban taɓa tambayar kaina ina muka dosa ba. Ga ni nan, maƙwabcin Ɗakin Allah, na tara bayin Allah na juya musu ƙeya ga Ɗakin, saura kabbara kawai mu miƙa sallarmu wajen Tabuka.

Na sauke hannuwa. Na yi gyaran murya. Na kewaya sahun a hankali, kamar mai duba ko ƙafafu sun daidaita, har na isa ɗaya ɓangaren.

"Ku juyo nan, jama'a," na ce da Larabci.

Aka fara juye-juye. Mata da ke baya suka zama su ne a gaba, sai da suka kwashi sallayarsu suka zagaya. Mairama ta wuce ta gefena, mayafi a baki, kafaɗunta suna rawa.

"Sannu, liman," ta ce.

"Lafiya dai?" Dakta Yunus ya tambayi Bandar.

Ga dama ta samu, ga jama'a, ga kuskure mai girman dutsen nan, kuma na wanda ya ci masa fuska ɗazu.

"Magana ce ta gida tsakanina da ammi," in ji Bandar. "Dakta, matso ka cike nan."

Na ja salla raka'a bibbiyu. Allah Ya karɓa, don ban ce hankalina duka yana ciki ba.

Da muka koma mota na zauna ina jira. Na san irinsa, ba zai iya riƙewa ba. Ya ɗauki makirufo, ya hura. Na ce to, ga ta nan. Sai ya shiga bayanin yadda kunama ke samun ruwa. Washegari ma na jira. Ya yi maganar gishirin ƙasa, ya gyara wa malamin Ɗa'ifa sunan wani tsuntsun, ya sa muka kewaye wata rijiyar. Duk inda za mu yi salla a fili sai in tarar ya riga ya shimfiɗa tabarma tun muna alwala, ya tsaya nesa yana duba taya. Har muka juyo kudu bai ce uffan ba, ko da ido.

Wannan ya fi komai ba ni haushi. Na fito da amsa a shirye, na ɗauko ta tun daga Misfala, yanzu ga ta tana lalacewa a hannuna kamar tumatir a rana.

A wani gidan mai na same shi shi kaɗai yana zuba ƙanƙara a kula.

"Kai, ashe kana jin Hausa kake ta yi mini alhamdu lillahi?"

Ya sosa ƙeya. "Kaɗan, Baba. Wajen kakata. Ina jin kunya. In na yi, ana dariya."

"Dole a yi dariya. Kamar kana tauna tsakuwa."

"Na'am, Baba."

"Ba na'am ake cewa a nan ba. To ake cewa."

"To, Baba."

Aƙalla ni ma na gyara masa wani abu.

Mun shigo Makka da la'asar, ƙura har cikin kunne. Mota ta tsaya a bakin layinmu. Hadil tana tsaye a ƙofar gida, ta harɗe hannuwa, ba ta kalli Bandar ba, ni take kallo. Ya sauke mana jakunkuna, ya tsaya yana jujjuya hula a hannu. Rabon da in ga bakinsa a rufe haka tun gindin dutsen raƙumi.

"Ka ce wa Abdulrazak ya zo Juma'a bayan la'asar," na ce, da ƙarfin da za a ji daga ƙofar gida. "Ya zo da mutanensa. Amma makirufon nan ba zai shiga gidana ba, ko ranar biki."

Ya kama kaina ya sumbata har hulata ta faɗi. Da na ɗago, Hadil ta riga ta shige ciki, sai ƙarar takalminta a kan matakala.

Na bi su a hankali da ƙafata mai birki. Ina jin Hadil tana cewa, "Umma, yaya hanya? Me ya faru?"

"Bari in sha ruwa tukuna," in ji Mairama. "Labarin da tsawo. Kira mini maƙwabciyarmu Shaima ta ƙasa ita ma ta zo ta ji, kada in yi ta maimaitawa."

Yaron dai ya rufa mini asiri. Matar da na aura ce ban yi shawara da ita ba.

Na shiga ɗaki na shimfiɗa sallaya inda take tun ran da muka tare a gidan, rana tana shigowa ta tagar hagu. Na ɗaga hannuwa, sai na sauke. Na je na ɗaga labule na leƙa, na ga hasumiyar agogon Harami tana nan inda na bar ta, sannan na dawo na yi kabbara.